KUƊIN KAKA YA KOMA CIKIN WAYA, ƁARAYI SUN BI SHI

A da, idan kaka ta yi, manomin Bakori ko Kafur yakan kai masara da waken soya kasuwar Dandume ko Funtuwa, ya sayar, ya ɗaure kuɗinsa a lalita ya koma gida. Duk mai son ya cuce shi sai ya tare hanya. Yau mai saye cewa yake a ba shi lambar asusu, waya ta yi ƙara, wahalar damina gaba ɗaya ta koma cikin ɗan layin da bai kai girman farce ba.

Ba manomi ne ya zaɓi haka ba. A 2014 Babban Bankin Nijeriya ya fito da lambar BVN. A Disambar 2020 gwamnati ta wajabta haɗa kowane layi da lambar NIN. A Oktobar 2022 aka shelanta canjin takardun naira 200, 500 da 1000, farkon 2023 kuwa tsabar kuɗi ta yi ɓatan dabo, har mai sayar da tiya biyu ta dawa sai da ya nemi asusu. Mahukunta sun tura talaka wannan hanya da ƙarfin doka, amma ba su zauna sun koya masa yadda zai tsare haƙƙinsa a kanta ba. Wannan ma zalunci ne.

Macuta sun gane haka. Tun da aka fara shirin bashin noma na Anchor Borrowers a 2015, manoma sun saba da miƙa BVN ga duk wanda ya zo da fom. To yanzu sai a bugo wa mutum waya, a ambaci cikakken sunansa, a ce ya fito a jerin masu samun taki, ko a ce daga banki ne za a rufe masa asusu. Sannan a nemi ya karanto lambobin jikin katinsa da wasu lambobin da za su shigo masa nan take. Waɗannan na ƙarshe su ne mabuɗin rumbun. Banki ba ya bugowa ya tambaye su, duk wanda ya tambaya ɓarawo ne, ko da ya fara da sallama ya ƙare da salati.

A cikin cunkoson ranar kasuwa kuma ana zare waya daga aljihu, ba don wayar ba. Layin ake so, domin da shi ana iya fito da BVN, a shiga asusu kafin mai shi ya iso gida. Ga dattijon da bai yi boko ba, wanda zai miƙa kati ga mai POS ya faɗi lambar sirrinsa da ƙarfi a gaban jama'a. Ga saƙon ƙarya na shigar kuɗi, wanda ake nuna wa mai hatsi a loda buhuna a tafi.

Abin da ya fi ciwo shi ne yadda ake ƙwace WhatsApp na malami ko limami, a riƙa roƙon almajiransa taimakon masallaci ko marayu da sunansa. Samarin da ke wannan sana'a suna kiranta wayo. A Musulunci cin dukiyar mutane ne da ɓarna, kuma iyayen da suka ga babur sabo a gida ba su tambayi inda ya fito ba suna da nasu kason.

Akwai dokar laifukan intanet ta 2015, akwai ta kare bayanan jama'a ta 2023, sai dai manomin da ke ƙauyen Malumfashi bai san ƙofar da zai ƙwanƙwasa ba. Don haka nauyin ya dawo kan limamai da 'yan uwa masu ilimi. Su ɗauki mintoci kaɗan bayan salla su nuna wa mutane yadda ake sa wa layi lambar kulle, ta yadda ko an cire shi an sa a wata waya ba zai yi aiki ba. Mai sayar da hatsi kada ya saki kaya sai ya duba abin da ke asusunsa da kansa. Wanda aka roƙa kuɗi da sunan malaminsa ya buga ya ji muryarsa tukuna. Wanda kuma wayarsa ta ɓata, kafin ya fara cigiya, ya ari ta maƙwabci ya sa banki ya rufe asusun, kamfanin waya ya rufe layin, a wannan rana.