Kowane Yaro Da Gurbinsa A Kan Tabarma

A azuzuwanmu na farko da dama, a ƙasa yara suke zama. In aka bar musu zaɓi, masu ƙarfi kan mamaye gaba, ƙanana su koma baya, darasi ya wuce su. Saboda haka muna kira ga 'yan'uwa malamai: a shata layuka da alli, a ba kowane yaro gurbinsa, a bar hanya a tsakiya. Gajeru da masu raunin gani ko ji su zauna gaba, a raba abokan surutu.

Sai dai dabarar malami ba ta sauke nauyin da ke wuyan hukuma. Manufar ilimi ta ƙasa ta tanadi malami ɗaya ga ɗalibai 35. Muna nan kan bakanmu: a samar da kujeru da ƙarin azuzuwa.