Waƙar da ta danne masu ita

Ranar 1 ga Afrilu, 2020, cutar korona ta yi ajalin Adam Schlesinger a jihar New York ta Amurka, yana da shekara 52. Akasarin waɗanda suka taɓa jin sunan ƙungiyarsa, Fountains of Wayne, da waƙa guda suka san ta, wato "Stacy's Mom" ta 2003, waƙar barkwanci a kan yaron da ya ƙyalla ido a kan mahaifiyar wata sa'arsa. A ganina ita ce mafi ƙarancin nauyi a cikin fitattun waƙoƙinsu, amma ita duniya ta riƙe.

Schlesinger da abokinsa Chris Collingwood sun haɗu ne suna ɗalibai a kwalejin Williams, suka aro sunan ƙungiyar daga wani kanti mai sayar da kayan ƙawata lambu a garin Wayne na jihar New Jersey. Faifansu na farko ya fito a 1996, lokacin da kiɗan rok na Amurka bai gama fita daga ƙunci da kururuwar salon Nirvana ba. Su kuwa sai suka waiwaya baya, suka ɗauko salon da ake kira pawa-pop: jita mai amo, ganga mai kaifi, muryoyi biyu ko uku da ke tafiya tare, da amshin da ke maƙale wa mutum a kunne, duka cikin minti uku. Pete Townshend na ƙungiyar The Who ne ya furta wannan suna tun 1967. Tushen salon yana wajen Beatles, daga nan Big Star da Cheap Trick da The Cars suka raine shi.

Masu suka na cewa wannan kwaikwayo ne kawai. Ban yarda ba. Mu da muka san yadda ɗan amshi ke shekaru a bayan ubangidansa kafin ya buɗe baki da tasa waƙar, bai kamata gadon salo ya ba mu mamaki ba. Abin tambaya shi ne me magajin ya zuba a cikin ƙwaryar da ya gada. Magabatansu galibi soyayyar samari suka rera. Waɗannan kuwa sun ɗora wannan zaƙin kiɗa a kan rayuwar ƙananan ma'aikata: akawun ofis, dillalin da giya ta ci ƙarfinsa, matafiyin da cunkoson motoci ya tsare. A waƙarsu "Hackensack", wani mutum ne ya tsaya a garinsu yana aikin hannu tare da mahaifinsa, yana jiran wadda ta tafi ta yi suna, alhali mai sauraro ya san ba za ta dawo ba. Kiɗan yana murmushi, labarin yana ciwo, kuma daga wannan saɓanin ne waƙar ta sami ƙarfinta.

Kasuwa ba ta saka musu da wuri ba. Kamfanin Atlantic ya sallame su bayan faifansu na biyu na 1999. Da "Stacy's Mom" ta yi tashe, sai masu kyautar Grammy suka sa su cikin jerin sababbin mawaƙa na 2004, shekara bakwai da 'yan kai bayan faifansu na farko. Ko ita ma ba su samu ba.

Akwai wani abin al'ajabi. A 1996 Schlesinger ne ya rubuta babbar waƙar fim ɗin Tom Hanks mai suna "That Thing You Do!", har aka sa shi takarar Oscar. Fim ɗin labarin wasu samari ne na 1964 da suka yi waƙa ɗaya tak da ta karɓu, sannan suka watse. Shekara bakwai bayan haka, da irin wannan ido aka fara kallon ƙungiyarsa, duk da cewa faifai biyar na sababbin waƙoƙi ta bari, na ƙarshe a 2011. Shi kuwa ya koma rubuta wa talabijin waƙa, inda ya ci kyautar Emmy a 2019, 'yan watanni kafin mutuwarsa.