Agadas: na'ura ta bi makaɗi, kada makaɗi ya bi na'ura

Duk wanda ya taɓa kwana a birnin Agadas lokacin bukukuwan aure ya san garin ba ya barci da wuri. Da la'asar sakaliya ake shimfiɗa tabarmi a bakin hanya, a jawo wayar wuta daga gidan maƙwabci, a kafa amsa-kuwwa, sa'annan ƴan gita su shiga gwada tsirkiya. Tun bayan yarjejeniyar zaman lafiya ta ranar 24 ga watan Afrilu 1995 kiɗan gita ya fito fili, ya zama abin da ake kai amarya da shi, ya kuma zama sana'ar da ke ciyar da gidaje masu yawa. A yau sunan Agadas ya isa ƙasashen da mutanensu ba za su iya nuna Nijar bisa taswira ba, kuma gita ce ta kai shi. To amma akwai tambayar da ta cancanci magabatan jaha da na ƙasa su yi wa kansu: wannan kiɗa da duniya ke saye, a ina ake ɗaukarsa, wane ne ke zaune gaban na'ura sa'ad da ake ɗaukarsa, kuma a hannun wa asalin aikin yake kwana?

Amsar ba ta da daɗin ji. Bombino ya ɗauki faifansa mai suna Nomad a birnin Nashville na Amurka, ya fito a 2013. Deran, na shekarar 2018, wanda ya sa ya zama ɗan Nijar na farko da ya shiga takarar kyautar Grammy, a Kazablanka aka yi shi. Mdou Moctar ya ɗauki Ilana, na 2019, a Detroit. Ƙungiyar Etran de L'Aïr kuwa, ƴan unguwar Abalane da suke kiɗan buki tun 1995, a farkon 2020 da wayar salula suka ɗauki waƙoƙinsu, suka tura su ta WhatsApp zuwa kamfanin Sahel Sounds da ke Portland. Babu laifin baƙin da suka yi wannan aiki. Sun ji abu mai kyau, sun kai shi kasuwa, makaɗan kuma sun amfana. Sai dai garin da ya haifi kiɗan har yanzu ya fi ƙwarewa wajen kaɗawa bisa ga ɗauka, kuma zanen aro ba ya rufe katara.

Labarin faifan farko na Mdou Moctar ya isa darasi. A shekarar 2008 ya tafi Sakkwato, cikin tarayyar Najeriya, ya shiga ɗakin ɗaukar waƙa irin na masu waƙoƙin finafinan Hausa. A can aka ɗora gitarsa bisa gangar na'ura, aka bi da muryarsa ta cikin Auto-Tune, manhajar nan mai daidaita murya da ta fito a 1997. Faifan, mai suna Anar, bai bi ta kanti ba. Daga salula zuwa salula ya yi ta yawo har ya ƙetare iyakoki, kuma waƙarsa Tahoultine ta shiga wani tarin waƙoƙin salula na Sahara da Sahel Sounds ya fitar a 2011. Wannan ya nuna abu biyu. Ƙaramin ɗaki da kwamfuta guda sun isa su fitar da mawaƙi zuwa duniya. Sa'annan wanda ke riƙe da kwamfutar yana sa hannunsa cikin kiɗan, ko ya so ko bai so ba: duk mai kunne zai ji Sakkwato cikin Anar kamar yadda zai ji Abzin. Ya yi daɗi, ba a musu. Amma da a ce kowace waƙar Abzin ta wannan ƙofa za ta bi, da ba a daɗe ba an rasa bambancinta da ta Kano.

Ya kamata a bayyana wa mai karatu abin da ake nufi da wannan ilimi, domin mutane da yawa suna zaton danna maɓalli ne kawai. Manhaja iri biyu ce ke aiki. Ta farko ita ce ta tsara kiɗa, kamar FL Studio, wadda matasa suka fi sani da tsohon sunanta FruityLoops, ta wani kamfanin ƙasar Beljiyam. A cikinta ba a kama sautin kowa. Umurni ake rubutawa: wace murya za a buga, a wane lokaci, da wane ƙarfi, ta daɗe har yaushe. Harshen da ake rubuta wannan umurni da shi ana kiransa MIDI, masu ƙera kayan kiɗa suka amince da shi tun 1983, kuma yana da matakan murya 128 da hanyoyi 16. Ta biyu ita ce ta ɗauka, kamar Cubase ta kamfanin Steinberg na Jamus, wadda ta fito a 1989. Ita ce ke karɓar abin da ya shigo ta makirho, muryar mutum ko gita ko kalangu, ta ajiye kowane bisa layinsa, domin a iya ɗaga wannan a sassauta wancan. Manhajojin yau kowace tana taɓa aikin ƴar'uwarta, amma masu sana'a da yawa har yanzu suna tsarawa a ɗaya su ɗauka a ɗaya.

Wurin haɗa su ne almajiri ke shan wuya. A da akwai wata gada mai suna ReWire, da aka ƙirƙiro a 1998, wadda ke sa manhajojin biyu su tashi tare su tsaya tare. Masu ita sun daina kula da ita a 2020, amma tsofaffin darussan da ke yawo a intanet ba su daina koyar da ita ba, sai yaro ya kwana yana neman ƙofar da aka riga aka toshe. Hanyoyin da suka rage su ne a buɗe manhajar tsarawa cikin ta ɗauka tamkar ɗan haya cikin gida, ko a fitar da umurnin MIDI a kai shi can, ko kuwa a fitar da kowane layi daban a matsayin sauti, a jera su daga mafari guda. Ko wace aka bi, sai an kiyaye ƙa'idodi. Dole gudun kiɗan ya zama ɗaya a ɓangarorin biyu. Dole awon sautin ya zama ɗaya: in an tsara bisa 44,100 a daƙiƙa, aka karanta bisa 48,000 ba tare da juyawa ba, waƙar za ta ƙara sauri da kusan kashi 9 cikin 100, muryar dattijo ta koma ta yaro. Akwai kuma jinkiri tsakanin lokacin da yatsa ya taɓa tsirkiya da lokacin da kunne ya ji. In an sa ma'ajin katin sauti bisa 256, jinkirin hanya guda bai wuce kashi 5 ko 6 cikin dubu na daƙiƙa ba. In an bar shi bisa 1,024 ya haura 21, kuma makaɗi zai yi ta tuntuɓe da kansa, ya ɗauka hannunsa ne ya mutu. Duk wannan ba sihiri ba ne. Lissafi ne da ɗalibin koleji zai iya, in ya sami mai nuna masa.

Amma babbar magana tana gaba. In aka buɗe FL Studio, abin da ke fara bayyana shi ne jerin gurabu kamar na dara, 16 a kowane layi, huɗu-huɗu. Wanda ya ƙera ta kiɗan rawar Turai ne a kunnensa. Kiɗa da yawa na ƙasar Abzin kuwa uku-uku yake tafiya, da ɗan rangaji irin na raƙumi, bugu ɗaya ya ɗan riga, wani ya ɗan makara. Tende, turmin nan da ake ɗaure wa fatar akuya ana yayyafa mata ruwa, ba ya bin agogo. Yana bin tafin mata da numfashin mai bayar da waƙa, ya yi sanyi a farko, ya yi zafi sa'ad da raƙuma suka fara kewaye. Manhajar tana da umurnin da ke jawo kowane bugu ya faɗa tsakiyar gurbinsa. Almajirin da bai sani ba yakan danna shi yana murna ya gyara kuskure, alhali abin da ya share shi ne kiɗan kansa. Haka zancen yake wajen murya. Fiyano ya raba tsani gida 12 daidai wa daida, amma imzad, gogen nan mai tsirkiya ɗaya ta gashin doki da matan Abzinawa ke kaɗawa, yana zamewa tsakanin matakan, kuma a wannan zamewa daɗinsa yake. Algaitar fadar Sarkin Abzin ma haka take. In aka tsananta Auto-Tune bisa irin wannan, sai ya miƙe abin da ba a karkace yake ba.

Maganin yana cikin manhajar kanta, sai dai ba shi ne a shafin farko ba. Ana iya sauya gurabun su koma 12 ko 24. Ana iya kashe umurnin jawo bugu, ko a rage ƙarfinsa. Mafi muhimmanci, ana iya juya tsarin aikin gaba ɗaya: a fara ɗaukar mai tende ko mai ganga shi kaɗai, ba tare da ƙararrawar na'ura a kunnensa ba, sa'annan a sa manhajar ta auna gudunsa, ta bi shi inda ya yi sauri da inda ya lafa, daga baya a ɗora abin da aka tsara. Cubase na iya wannan, wasu ma na iyawa. Ya fi cin lokaci, shi ya sa mai ɗakin da ake biya bisa kowace waƙa ba ya son sa. Amma a nan ne ake gane wanda ya koyi sana'a da wanda ya haddace maɓallai.

Akwai dattawan da ke ganin a bar na'urar nan gaba ɗaya, domin a cewarsu yaro guda da fiyano zai kori makaɗa biyar daga filin buki. Tsoronsu yana da tushe. An ga yadda fiyano ya rage wa masu kalangu kasuwa a garuruwan Hausa da dama. Sai dai rufe ƙofa ba ya hana iskar hunturu shiga, kuma Nijar ba baƙuwar wannan abu ba ce. Tun 1978 Mamman Sani Abdullahi ya shiga gidan radiyon ƙasa a Yamai da organ ɗinsa ƙirar Italiya mai suna Orla, ya ɗauki waƙoƙin gargajiya da nasa na kansa, kuma shekara da shekaru jama'a na jin su tsakanin shirye-shirye ba tare da sun ce an ɓata musu al'ada ba. A zamanin nan Hama, wani mai tsara kiɗa a Yamai, ya fitar da Houmeissa a 2019, wanda ya gina cikin FruityLoops bisa karin waƙoƙin Sahara. Su biyun kunnensu ya riga ya ƙoshi da kiɗan gida kafin su taɓa na'ura. Abin tsoro shi ne yaron da na'ura ce malamarsa ta farko.

Saboda haka koyarwa ce ta rage, kuma a Agadas ya kamata a yi ta. Cibiyar horon makaɗa ta Elhaji Taya, da aka kafa a 1989, tana Yamai, tafiyar kusan kilomita 1,000. Ba kowane ɗan Abalane ko ɗan Ingal ke da kuɗin mota da masauki ba. Marigayi Abdallah ag Oumbadougou, wanda ya rasu a 2020, ya gane haka tun da wuri, ya yi ƙoƙarin buɗe wa matasa wuraren koyon kiɗa a Arlit da Agadas. Abin da mutum guda ya fara da ƙarfinsa bai fi ƙarfin hukuma ba. Birnin yana da gidan matasa da al'adu, yana da jami'a tun 2014. Ɗaki guda mai kaurin bango, irin ginin ƙasa da Agadas ta gada wanda ke tare zafi da hayaniya, da kwamfuta kaɗan, da katin sauti, da faifan hasken rana saboda ɗaukewar wuta, sun isa a fara. Ba dole ba ne a jira kuɗin manyan manhajoji: Audacity ta ɗauka, da LMMS ta tsarawa, da MuseScore ta rubuta kiɗa bisa takarda, duk kyauta suke bisa halal, sun kuma fi kwafin sata da ke cika kwamfuta da cuta ya cinye aikin wata uku a dare ɗaya. Sharaɗi guda ne bai kamata a sassauta ba: a kowane aji a zaunar da tsohuwa mai tende ko mai imzad kusa da malamin kwamfuta, a biya ta kamar yadda ake biyansa.

Sai batun harshe, wanda ake yawan mantawa. Manhajojin nan da Ingilishi suke magana, wasu da Faransanci, alhali makaɗa da yawa ba su yi nisa a lakkol ba. Tun watan Maris 2025 dokar ƙasa ta ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa. In ana so wannan matsayi ya wuce takarda, ga wurin gwaji: ƙaramin littafi da Hausa da Tamajak, mai hotuna, wanda zai ba kowane maɓalli suna guda da kowa zai yarda da shi. Cibiyar INDRAP ta daɗe tana shirya littattafai cikin harsunan gida, kuma makaɗan kansu suna da kalmomin zafi da sanyi da kauri da kaifi na sauti waɗanda ba sai an ƙago ba, tambayarsu kawai za a yi.

A cikin littafin nan ya kamata a ware babi ga abin da zai biyo bayan ɗauka. Wanda ke riƙe da layukan asali, kowane daban, shi ke iya sake haɗa waƙar, ya sayar wa masu fim, ya ba wani izini ko ya hana. Mawaƙin da ya fita daga ɗakin ɗauka da kwafi guda cikin salularsa ya bar gonar ya tafi da dami ɗaya. A koya masa ya nemi layukansa tun kafin ya biya, ya ajiye su wuri biyu, ya rubuta sunan duk wanda ya kaɗa ko ya yi amshi, har da matan da suka yi tafi, sa'annan ya kai waƙar ofishin kare haƙƙin mawallafa na ƙasa, BNDA, wanda ke nan tun 1995, a yi mata rajista kafin ta shiga WhatsApp.