WA KE RIƘE DA ƘOFAR ZAƁE?



Kullum in ana maganar maguɗin zaɓe, hankalin mutane yana kan ranar jefa ƙuri'a: wa ya tsare akwati, wa ya ƙidaya, wa ya kai sakamako. To, akwai wani aiki da ake gamawa tun da sauran watanni, a cikin biro, ba kowa a wurin sai magatakarda. Shi ne zaɓen sunayen da za a buga a kan takardar ƙuri'a. Wanda sunansa bai hau ba, ko garin duka na bayansa, an kayar da shi tun ba a yi kokawa ba. Yau za mu ɗauko misali daga Amurka, ƙasar da ta fi kowa kirarin mulkin jama'a, don a ga yadda ake yi wa ƙananan jam'iyyu a can in sun nemi kujerar gari.

A da, a Amurka, kowace jam'iyya ita ke buga takardarta, ta raba wa mutanenta su kai akwati, kusan irin tsarin da Faransa ta kawo mana nan, inda kowane jeri ke da takardarsa a sa a ambulan. Daga 1888 jihohi suka fara karɓe wannan aiki, gwamnati ta riƙa buga takarda ɗaya mai ɗauke da sunayen kowa. Niyyar mai kyau ce, don a ɓoye ƙuri'ar talaka daga idon mai gida. Amma tun da gwamnati ke bugawa, dole a yi dokar wanda zai hau. Su wa ke rubuta dokar? Ƴan majalisar jihohi, kuma kusan dukansu ƴan manyan jam'iyyu biyu ne, Dimokurat da Rifablikan. An ba kura ajiyar nama ke nan.

Ga abin da ya faru a Shikago, babban birnin kasuwanci na jihar Ilinoi. Magajin garin, Richard Daley, wanda ke kan kujera tun 1955, ya rasu a Disamba 1976. Aka sa ranar zaɓen cike gurbi, 7 ga Yuni 1977. Dokar jihar ta ce sabuwar jam'iyya ko mai zaman kansa, in yana neman kujera ta jiha gaba ɗaya, kamar ta gwamna, sai ya kawo sa hannun mutum 25,000. In kuwa kujerar gari ce, sai ya kawo kashi 5 cikin ɗari na waɗanda suka yi zaɓen da ya wuce a wurin. A ƙaramin gari wannan ba wani abu ba ne. A Shikago lissafin ya tashi 35,947. Ku duba da kyau: mai neman mulkin birni ɗaya ana bin sa 10,947 fiye da mai neman mulkin jihar da birnin ke cikinta!

Wanda bai taɓa yin aikin ba zai ce ai sa hannu ne kawai. A ce mutum ɗaya yana tsayawa bakin kasuwa yana samun 50 a yini, sai ya yi kwana 719 kafin ya cika, ga shi tsakanin rasuwar da zaɓen ko wata shida ba a yi ba, kuma sanyin Shikago ba irin na hunturunmu ba ne, ƙanƙara ce ke zuba. Bayan haka ba kowane sa hannu ake karɓa ba. Abokin hamayya yana da ikon kai ƙara, a zauna a bi takardun layi-layi: wannan ba shi cikin rajista, wannan ya tashi daga unguwar, wannan hannunsa bai yi kama da na katinsa ba. Don haka mai hankali yakan tara fiye da abin da aka ce nesa ba kusa ba. Wannan makami ba a kan ƙanana kaɗai ake zare shi ba. Barack Obama ma, a takararsa ta farko ta majalisar dattawan jihar a 1996, da ƙarar sa hannu mutanensa suka fid da abokan takararsa na cikin gida, ya tsaya shi kaɗai.

Jam'iyyar Ma'aikata Ƴan Gurguzu, wadda ba ta da ko kujera ɗaya a birnin, ta kai ƙara. Kotun farko ta ba ta gaskiya, hukumar zaɓen jiha ta ɗaukaka, har magana ta kai Kotun Ƙoli. A 1979 alƙali Thurgood Marshall, baƙar fata na farko da ya zauna a wannan kotu, ya rubuta hukunci: jihar ba ta kawo wani dalilin kirki da zai sa a nemi fiye da 25,000 don kujerar gari ba. Bilandic na Dimokurat ya riga ya ci zaɓen tun shekara biyu baya, kuma ba wanda ya yi zaton ƴan gurguzu za su ci. Ba cin ne abin dubawa ba. Mutumin da ya ƙi jam'iyyun biyu yana da haƙƙin ya ga sunan nasa a takarda.

Ba a gama ba. Harold Washington, baƙar fata na farko da ya zama magajin garin Shikago a 1983, ya rasu a 1987, mabiyansa suka kafa jam'iyya da sunansa. A 1990 suka nemi kujerun gundumar Kuk, wadda ta haɗa birnin da garuruwan kewaye. Suka tara kamar 44,000 a cikin birni, 7,800 a kewaye, alhali ana neman 25,000 a kowane sashe. Kotun jihar ta ce tun da sun gaza a kewaye, a soke jerin duka, har da na cikin birni inda suka wuce adadi. Sai da Kotun Ƙoli ta dakatar da wannan kafin suka shiga zaɓe, kuma a 1992 ta ce ba a soke jeri duka saboda sashe ɗaya. Amma ta bar sharaɗin 25,000 na kujerun kewayen yadda yake. Kada kowa ya ɗauka alƙalai ne masu ceton ƙananan jam'iyyu: a 1971 wannan kotu ta amince wa jihar Jojiya ta nemi kashi 5 cikin ɗari na masu rajista.

Akwai kuma ƙofar kuɗi. A Kalifoniya an nemi wani talaka ya biya dala 701.60 kafin ya tsaya takarar majalisar gundumar Los Anjalis. Dalar Amurka muke nufi, ba dalarmu ta tamma biyar ba. A 1974 kotu ta ce ba a hana wanda ba shi da shi tsayawa sai an ba shi wata hanya.

Masu kare waɗannan dokoki suna cewa in an buɗe ƙofa, kowane mai neman suna zai shigo, takarda ta yi tsawo, tsofaffi su rikice. Akwai gaskiya a ciki, ba mu ce a cire ƙyaure ba. Wanda bai iya samun maƙwabta ɗari su tsaya masa ba, ya koma gida. Abin da muka ƙi shi ne a yi wa ɗakin kaji ƙofar birni. Kujerar gari ita ce mai kula da rumfar kasuwa, da rijiya, da kwata, da kuɗin shara, kuma nan ne kaɗai ƙaramar jam'iyya ke iya nuna aikinta har a yarda da ita a sama. Babbar jam'iyya ta san haka, shi ya sa take tsare ƙasa fiye da sama.

Mu a nan mun san wata hanyar da ta fi wannan gajarta: a Oktoba 1959 aka haramta Sawaba, wadda shugabanta Djibo Bakary ya zama magajin garin Yamai a 1956, daga nan jeri ɗaya aka riƙa ba mutane har sojoji suka karɓi mulki a 1974. Waccan kowa ya gan ta da ido. Ta lissafi ita ce ke wucewa ba a ji motsinta ba, don tana zuwa ne a cikin aya ta ashirin da wani abu ta dokar da ba wanda ya karanta.

Saboda haka duk ranar da aka kawo daftarin dokar zaɓen komin, sakataren kowane reshe ya nemi kofi, a karanta a taro, a tsaya a wuri huɗu: sa hannu nawa, kuɗin ajiya nawa, kwana nawa aka bayar, kuma in an sami kuskure a takardar mutum ɗaya, shi za a cire ko jerin duka. Abin da reshe ya gani ya rubuto wa biro.