Ɗan Daudun Littafinmu Ba Ya Zazzaɓi

Maudu'in wannan makon mai nauyi ne, na kuma san akwai waɗanda tun daga take za su ɗaure fuska. Ina roƙon a kai ƙarshe kafin a yanke mini hukunci.

Duk mai bibiyar littattafan da ake saki shafi-shafi a WhatsApp da Wattpad ya san ɗan daudu ya zama gishirin miyarmu. Aikinsa biyu ne. Ko dai ya shigo yana tafa hannu da karairaya don mai karatu ya yi dariya, kamar yadda marigayi Rabilu Musa ya yi a fim ɗin Ibro Ɗan Daudu, ko kuma ya zama kawalin da zai ɓata tarbiyyar jarumar labari. Ba shi da uwa, ba ya biyan kuɗin haya, ba ya zazzaɓi. Cuta ɗaya ce ke kama shi, ita ma sai a shafin ƙarshe: ya rame, ya kwanta, ya mutu, marubuciya ta rubuta cewa ƙarshen alewa ƙasa. Ina ganin wannan kasala ce. Muna rubutu a kan mutanen da ba mu san komai game da su ba, alhali akwai waɗanda suka ƙarar da shekarun aikinsu na jami'a suna nazarinsu a garuruwanmu, yawancinmu ko sunayensu ba mu taɓa ji ba.

Mu fara da gida. A farkon shekarun 1970 wata mai bincike, Renée Pittin, ta zauna a birnin Katsina tana nazarin rayuwar mata, musamman mata masu zaman kansu da gidajen da suke zaune. Daga nan ta samu digirin dakta a Landan a 1979, littafinta Women and Work in Northern Nigeria ya fito a 2002. Duk wanda ya shiga waɗannan gidaje da alƙalami dole ya haɗu da 'yan daudu, domin a nan suke girki, a nan suke sayar da abinci, su ne kuma 'yan tsakani. A 1983 Gerald Kleis da Salisu Abdullahi, malamin nazarin zamantakewa na Jami'ar Bayero, suka wallafa maƙala a kan 'yan daudu, inda suka dubi lamarin ta fuskar sana'a da neman abinci. A lura da sunan na biyun: Bahaushe ne, a jami'ar Kano, sama da shekara 40 da suka wuce. A shekarar ce kuma Fremont Besmer ya fitar da littafinsa a kan bori, inda mai karatu zai ga alaƙar sunan Daudu da Ɗan Galadima na cikin iskoki.

Wanda ya fi kowa daɗewa a kan batun shi ne Rudolf Gaudio, Ba'amurke masanin harshe. Ya yi bincike a Kano a shekarun 1990, ya kammala digirin dakta a Jami'ar Stanford a 1996 a kan salon maganar 'yan daudu, sannan a 2009 ya wallafa Allah Made Us, wato Allah Ya Yi Mu. Ba sai ka yarda da mahangarsa ba, ni ma akwai wuraren da muka raba hanya. Amma marubuci zai tsinci abin da ba zai samu a majalisa ba. Na farko, daudu da neman maza abu biyu ne da ba kullum suke haɗuwa a mutum ɗaya ba. Akwai ɗan daudun da sana'ar abinci da ɗabi'ar mata ce iyakarsa, akwai kuma mai neman maza da ba za ka taɓa ganin alama a tafiyarsa ko muryarsa ba. Na biyu, da yawa daga cikin mutanen da ya zauna da su suna sallah, suna azumi, suna tara kuɗin zuwa Makka, suna da mata da 'ya'ya ko suna da burin yin aure. A riƙe wannan na ƙarshen, domin a nan batun lafiya ya shigo, a nan ne kuma maganar ta daina zama ta wasu can.

Babban binciken ƙanjamau da aka yi a Najeriya a 2018 ya nuna cewa a tsakanin 'yan shekara 15 zuwa 49, mutum 14 cikin 1,000 ne ke ɗauke da ƙwayar HIV. Katsina na cikin jihohin da suka fi ƙaranci, mutum 3 cikin 1,000. Mun yi hamdala, kuma ya dace. Sai dai akwai wani binciken da gwamnatin tarayya ke yi lokaci zuwa lokaci a kan rukunonin da cutar ta fi yi wa barazana. A tsakanin maza masu neman maza, ya samu kashi 13.5 cikin 100 a 2007, kashi 17.2 a 2010, kashi 22.9 a 2014. A daidai lokacin da ake samun sauƙi a ƙasa baki ɗaya, a wannan rukuni abin hawa yake yi. Yanzu haɗa wannan da abin da Gaudio ya gani, cewa da yawansu magidanta ne. Matar da ke cikin ɗakin ba ta aikata komai ba. Jaririn da take shayarwa ma haka.

Ga yadda maganin yake aiki, don na lura ba mu cika sani ba. Wanda yake shan maganin rage kaifin cutar kullum, ƙwayar tana raguwa a jininsa har awo ya daina ganinta, kuma a wannan hali ba ya sa wa matarsa. Mai juna biyu da aka gano da wuri aka ɗora a kan magani, galibi tana haihuwar lafiyayyen ɗa. Wanda kuwa ya fara ya daina, ƙwayar na iya bijire wa maganin, ya kuma yaɗa mai taurin kan. Wato komai ya rataya a kan abu ɗaya, mutum ya tako ƙafarsa zuwa asibiti, ya kuma ci gaba da dawowa. Dokar gwaji kafin aure da Jihar Kano ta kafa a 2024 abu ne mai kyau, amma gwajin rana ɗaya ne, aure kuwa shekaru ne.

Me ke hana mutum zuwa? A watan Janairun 2014 shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar haramta auren jinsi, ɗaurin shekara 14 ga masu auren, shekara 10 ga mai kafa ko tallafa wa ƙungiyarsu. A lokacin akwai masu bincike da ke bin lafiyar irin waɗannan maza a wata cibiya a Abuja, don haka suka samu damar gwada kafin da bayan doka. Sakamakon ya fito a mujallar Lancet HIV a 2015: masu tsoron zuwa neman magani sun tashi daga kashi 25 zuwa 38 cikin 100, masu ƙaurace wa asibiti daga kashi 20 zuwa 28. Babu inda dokar ta ce a hana wani magani. Hasali ma, wata dokar ta 2014 ɗin ta haramta nuna wa masu ɗauke da HIV wariya. Amma mai tsoro ba ya karanta sashe na kaza, abin da ya gani yake karantawa, kuma a watan nan na Janairu an ga taron jama'a na jifan kotun da ake shari'ar wasu da ake zargi a Bauchi. Wannan fa a Abuja aka auna. Kowa ya ƙiyasta yadda zai kasance a ƙaramin gari inda mai yankar kati a asibiti maƙwabcin kawunka ne.

Na san tambayar da ke bakin wasu: to kai yanzu halatta abin kake yi? A'a. Hukuncin addini sananne ne, malamai sun yi bayaninsa, ni kuma ba malami ba ne, difloma gare ni. Tun 2000 Katsina na cikin jihohin da ke aiki da shari'ar Musulunci. Maganata a kan sani ce da kuma magani. Likita ba ya tambayar wanda aka kawo da karaya ko a hanyar masallaci ya faɗi ko a hanyar gidan caca, ɗori yake yi. Mai binciken shaye-shaye ba mu ce masa ɗan ƙwaya, mai binciken 'yan bindiga ba mu ce masa ɗan bindiga, har lambar yabo muke ba shi. Kuma addinin da ya yi hani da alfasha shi ne ya yi hani da bin diddigin asirin mutane da yi musu ƙazafi. Mu marubuta mun riƙe na farkon da ƙarfi, na biyun kuwa kamar ba a saukar da shi ba.

Akwai wata suka da ta fi wannan ƙarfi, wadda nake ganin tana da gaskiya a ciki. Yawancin wannan bincike baƙi ne suka yi, da kuɗin waje, da Turanci, don masu karatu na waje. Baƙo yana zuwa da ma'auninsa, wani lokaci ya cusa mutanenmu cikin sunaye da rukunan da ba nasu ba. Kuɗin waje kuma ba ya da tabbas. Shirin PEPFAR na Amurka, wanda aka kafa a 2003, shi ne ya ɗauki kaso mai yawa na maganin ƙanjamau a ƙasar nan, kuma kowa ya ga ruɗanin da aka shiga a Janairun 2025 da gwamnatin Trump ta dakatar da tallafin ƙasashen waje. Amma in ba ka son yadda baƙo ya zana gidanka, ai sai ka ɗauki alƙalami. Zagin baƙon ba ya cike giɓin. Kathryn Rhine ta zauna da mata masu ɗauke da HIV a Kano ta rubuta The Unseen Things a 2016, littafi a kan yadda suke rufa wa kansu asiri don su tsira da aure da mutunci. Da Hausa matan nan suka yi mata magana. Mai karatun Hausa bai samu ko shafi ɗaya ba.

Dalilin da ya sa namu ba sa shiga ba ɓoyayye ba ne. Matashin malamin jami'a da ya zaɓi wannan maudu'i zai sha tambayar me ya kai ka, daga abokan aiki har surukai. Zai yi tunanin sashen nan na shekara 10, ko zama da mutanen da tattara bayanansu zai iya zama tallafi a idon wani ɗan sanda. Zai yi tunanin inda zai ɓoye rikodin hirarrakinsa. Sai ya ga gara ya rubuta a kan karin magana a waƙoƙin noma, ya samu ƙarin girma lafiya lau. Ban ga laifinsa ba. Amma haka aka wayi gari Salisu Abdullahi ya iya rubuta abin a 1983, na yau kuwa sai ya waiga sau uku.

Mu da ke nan Farfaru, bakin iyakar Jibiya, abin ya fi shafarmu. Binciken 2018 gida-gida aka bi. Wanda ke kwana a tasha, ko cikin babbar mota, ko ɗakin haya na kwana biyu, ba lallai ne ya shiga lissafi ba, kuma garin iyaka cike yake da irinsu. Mutum na iya karɓar magani a Maraɗi yana zaune a Jibiya, ko ya karɓa a Katsina yana zaune a Ɗan Isa, sau da yawa don kada a gan shi a layin asibitin garinsu. An rufe iyaka a Agustan 2019, ta Jibiya ba a buɗe ba sai Afrilun 2022. Aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, har Najeriya ta buɗe nata ɓangaren a Maris 2024. Mun rubuta a kan tsadar shinkafa da motocin da suka yi layi. Mutumin da kwalbar maganinsa ta ƙare tana wancan ɓangaren, wanda ba zai iya gaya wa kowa dalilin da ya sa dole ya tsallaka ba, ban ga wanda ya ba shi ko sakin layi ba. Ga Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa a Katsina, ga Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo a Maraɗi, harshe ɗaya, hanya ɗaya ta haɗa su. Aikin da ya fi dacewa da su biyun ke nan.

Mu ba malaman jami'a ba ne, amma akwai abin da za mu ara a wurinsu. Gaudio ya sauya sunayen mutanen da ya yi hira da su don kada littafinsa ya zama sanadin wahalar wani. Mu kuwa wani zai ɗauki mai sayar da abinci na tashar garinsu, ya bar kamanninsa da inda yake ajiye tukunya, ya sauya harafi ɗaya a sunansa, ya sake a guruf mai mutum dubu. In wani abu ya sami mutumin nan, da hannun marubucin a ciki. Haka kuma, duk lokacin da muka mayar da ƙanjamau bulalar ƙarshen labari, akwai mai karatu da ke shan maganin nan a ɓoye, wataƙila a wurin mijinta ta samu, wataƙila da shi aka haife ta. Abin da muka gaya mata shi ne ita ma hukunci ne ya same ta.

Labarin da nake jira wani a cikinmu ya rubuta shi ne na matar da ta je awon ciki, ma'aikaciyar jinya ta rufe ƙofa ta ce, "Baiwar Allah, zauna mu yi magana." Ta fito da takarda a jaka, ga mijinta a bakin ƙofa a kan babur yana jiranta, mutumin da bai taɓa ɗaga mata murya ba, wanda ya daɗe yana zargin yana ɗauke da cutar amma tsoron tambayoyin da za a yi masa ya hana shi gwaji. Daga asibiti zuwa gida tafiyar minti goma ce, kuma dole ta hau bayansa.