Dutsen da Uwa Ke Dafawa a Illela

Da aka rufe iyakar Illela da Ƙonni a watan Agustan 2023, bayan juyin mulkin Nijar, matasan da ke ci da dako da kabu-kabu sun koma hannu Rabbana. A ganina, maganar iyaye ce ta riƙe da yawansu. Uwa ba ta dogon wa'azi. Cewa take mai haƙuri shi kan dafa dutse har ya sha romonsa. Kambamawa ce, kowa ya sani, amma hoton tukunyar nan yakan zauna daram a zuciyar yaro. Shi ya sa nake takaicin yadda ake koyar da adon harshe don jarrabawa kawai, alhali ga shi raye a bakin iyayen ɗalibai.