Kafin ka cike wa yaro JAMB, ka binciki COREN

Jama'a, wai me ya sa uba zai yi wata guda yana bincike kafin ya sayi fili, amma makarantar da ɗansa zai shafe shekara 5 yana karatun injiniya sai ya zaɓa don suna ko kyan gini?

Izinin NUC daban, amincewar COREN daban. Kuma COREN kwas-kwas take tantancewa, ba jami'a ɗungurungum ba. Sai ka ga Civil ya samu amincewa, sabon kwas ɗin da aka buɗe a tsangayar kuwa bai samu ba. Yaro ya gama, ya yi bautar ƙasa, ya zo rajistar zama cikakken injiniya, a nan matsala za ta fito. Wa zai biya shi shekarun nan?

Masu cewa ai takarda takarda ce, kun manta Janairun 2024? Gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance digirin Benin da Togo bayan wani ɗan jarida ya samo digiri a Kwatano cikin mako shida. Har waɗanda suka yi karatun gaske abin ya shafa.

Don Allah ka taka da ƙafarka. Ko ABU ce, ko BUK, ko ATBU, ka shiga ɗakin gwaji ka gani, injinan na aiki ko ƙura ta rufe su? Ka tare 'yan aji huɗu ka tambaye su inda suka yi SIWES, da abin da suka taɓa da hannunsu a can. Su ba za su ɓoye maka ba, shugaban sashe ne zai yi maka daɗin baki.